Abin da Ya Lanƙwasa Ruwa

Kwalin ƙwallayen gwaji ya ɓata tun bara,
sai na biya Farin Gada da sassafe,
na sayi tumatir, da ƙananan gauta,
da tsinken sakace ƙulli uku.
Mai tumatir ya ce, "Malama, miya za a yi?"
Na ce masa, "Ruwa."

Aji biyar, taga ɗaya babu gilashi,
sanyin Jos yana shigowa ba sallama.
Na fara da gishiri.
Sodiyam na da ilaktaron guda da ya yi masa yawa,
Kulorin kuwa saura ɗaya ya cika takwas.
Wannan ya miƙa, wancan ya karɓe,
tun ranar ba su rabu ba.
Sagir daga baya ya ce, "Ashe bashi ne!"
Na ce, bashi hanji ne, rubuta.

Akwai kuma haɗin da ba mai bayarwa.
Kachollom da Zuwaira, littafi ɗaya tsakaninsu,
kowacce ta danne shafinta da gwiwar hannu,
ba mai iya tashi ta bar ɗaya.
Na nuna su da alli. Aji ya fashe da dariya,
su ba su saki littafin ba.

Izang ya soke gauta huɗu a jikin tumatir,
ya kwantar da su kamar mararraba.
Na ce, ɗaga shi, ba tabarma ba ne.
Duwatsun murhu uku a ƙasa,
na huɗun ya dubi sama,
kowa na neman nesa da ɗan'uwansa
ba tare da ya bar gida ba.

Sai ruwa.
Nanret ta yi nata a miƙe sak kamar titin Bauchi,
gauta nan, gauta can, tumatir a tsaka.
Na sa yatsa biyu na karyo shi.
Ta ɓata rai. "Me ya tura su?
Ni ban ga komai a wurin ba."

Na ce, tagwaye biyu na zaune a kafaɗar oksijin,
ba su riƙe hannun kowa ba,
babu tsinken da zai nuna su,
amma sun fi kowa cin wuri.
Su suka danne kusurwar
zuwa ɗari da huɗu da rabi.
Da ruwa miƙaƙƙe ne,
da gishiri bai narke a miyar gidanku ba.

Ba wanda ya yi tari.
Dung ya juya yana kallon taga.
Tsohon gidansu na can ƙetaren gada,
unguwar da ba ya bi yanzu ko da rana.
Ban tambaye shi ba. Ba ya cikin manhaja.

Aka kaɗa ƙararrawa, sama ta sako bisa kwano.
Wani ya riga ya cinye ƙafar aikin Izang.

Da dare na zare tsinkayen ɗaya-ɗaya,
na wanke tumatir zan markaɗa.
Kowanne da hujinsa biyu,
kusa da juna, ba daura da juna ba.