Auduga a Cikin Kwalba

Na cusa auduga cikin kwalbar
don kada ta yi ƙara in na ɗaga jaka.
Ƙwaya talatin, bakinsu gum,
sun fi 'yan gidanmu riƙon sirri.

Ranar da Lantana ta gan ta ƙarƙashin katifa
ba ta tambaye ni ba,
kofinta kawai ta ɗauke daga kan randa.
Kafin magariba, daga Sabon Gari har bakin tasha,
an gama yi mini jana'iza
ina zaune ina tsefe kaina.
Na ce ba ni da sida, rigakafi ne.
Ta ce, wa ya taɓa shan magani da lafiyarsa?
Sai da dare amsar ta zo mini:
wanda ya yaɓe rufin ɗaki tun hadari bai haɗu ba.

Direban da ya taso daga Kwatano
ya aza jika biyu bisa kuɗin, wai in bar robar.
Na ƙi. Wancan watan ban ƙi ba,
mai gidan haya na tsaye a zaure.

Gidan likita da nisa.
Dala ɗari kabu-kabu, dala ɗari komowa,
ga benci, ga idanu,
ga wata 'yar unguwarmu tana shara.
Sau ɗaya na je aka ce babu,
mota ba ta iso daga Yamai ba.
Na komo a ƙasa, rana bisa kaina,
ina ƙirga abin da ya rage: huɗu.

Satin farko zuciyata ta yi ta tashi,
na kusa zuba su a masai.
Barira ce ta hana. Ita ma ta tsaya inda nake tsayawa.
Ƙarfe tara na dare takan kira ta katse,
kullum, ko ba ta da na kati sai ta ara.
Madam Zuwera kuwa, in la'asar ta yi,
tana barin ƙofar baya a buɗe.
Ba ta ce ina mijinki ba.
Ta ɗebi jini, ta ce kin ci abinci?

Ɗiyata na Tibiri wajen inna,
ta fara rubuta sunana da alli.

Kofin Lantana bai dawo kan randa ba.
Amma shekaranjiya, muna shanya,
ba ta dube ni ba ta ce,
wace rana ce ake buɗe ƙofar nan?