Tsirkiya Uku a Aboabo

A shagon Tanko mai gyaran rediyo,
bayan tasha, inda kwata ke gunaguni,
mu huɗu muka sunkuya kan waya guda
mai tsagaggen gilashi kamar kaushin diddige.
Ana hira da Isaka Dogo,
wanda jitarsa ta bes ta girgiza mana haƙarƙari
tun muna samari masu tsukakken wando,
muna tsallake katanga don mu ji rok a ɓagas.

Ya tsufa. Hular ta fi kan girma.
Yarinyar da ke masa tambaya
ko goyo ba ta kai ba ran da faifan ya fito.
Ta ce, "Baba, mabuɗin waƙar nan,
dum, dum-dum, durum,
kafin ganga, kafin murya,
ina ka samo shi?"

Muka riƙe numfashi.
Shekara arba'in muna amsa wannan a madadinsa.
Tanko ya ce tsawa ce a kan tafkin Bosomtwi.
Gariba direban torotoro ya sha rantsuwa
cewa inji ne mai tari da asubar Kejetiya.
Ni kuwa na daɗe ina faɗa
bugun ƙirji ne a ƙofar gidan su budurwa,
kafin baki ya iya sallama.

Isaka ya yi dariya da haƙoransa biyu.
Ya ce, "Tsirkiya ce ta tsinke.
Huɗu ne, saura uku.
Ko kuɗin koko babu a aljihuna, balle na sabuwa,
mai situdiyo kuma yana duban agogo.
Na lalubi abin da ya rage, na buga."

Kamar ruwa ya cinye mu.

Gariba ne ya fara tsaki:
"Tsufa ne. Ya manta. Ni na tuna masa."
Tanko ya ce laifin hirar ne,
minti takwas, an datse ta kamar tsire,
ga tallar sabulu a tsakiyar zancen dattijo.
"A da, a rediyo, mutum kan yi shiru,
a bar shirun ya gama magana."
Nuhu ɗan koyo ya ce shi dai ya ji daɗinta,
ba fankama, ba baƙin tabarau.
Aka ce yaro ya rufe baki.

Ayishetu mai wake da shinkafa
ta leƙo karɓar kwanukanta.
Ta ce, "Ku dai maza,
sai an ce muku aljani ne ya kawo masa cikin dare.
Ni kullum da abin da ya rage nake ɗora tukunya,
ba wanda ya zo da kyamara."
Ta tafi, kwanuka na amsa mata.

A ƙarshe suka sa waƙar.
Muka kasa kunne, babu komai.
Wayar ta haɗiye bes ɗin ɗungum,
sai ƙis-ƙis kamar ɓera a rufi.
Bakin kwalba ba ya fitar da muryar randa.
Tanko ya miƙe, ya janyo tsohuwar sifika
mai tsayin ɗan shekara biyar,
ya hure ƙura, ya fere waya da haƙori,
ya haɗa ja da baƙi.

Dum.
Ƙusoshi suka yi rawa cikin gwangwani.
Dum-dum.
Na ji shi a gwiwar da ke mini ciwo.

Sai aka ɗauke wuta.

Aboabo ta yi duhu, janareta bai tashi ba tukuna.
Ban san wanda ya fara ba,
amma maƙogwaro huɗu suka ƙarasa:
durum.

Gariba ya ce na yi ƙasa da yawa.
Na ce shi ne ya yi gaggawa.
Har aka kira isha'i muna kai.