Laka a Kwalba

A Bulangwa, bakin ruwa, ina ɗinkin koma,
Kuluwa ta dawo daga Marwa da kwalba a jaka.
Laka ce ciki, baƙa, irin mai cinye mini takalmi.
Na ce, "Abin da kika karanto ke nan, shekara huɗu?"

Ta ce, "Baba, akwai dafin da ba ya wari,
yuraniyom sunansa.
Yakan kwanta a gindin teku, kifi ya sha, mutum ya ci kifi.
Wuta ba ta ƙona shi. Sabulu bai san shi ba."

"To, wa zai iya masa?"

Ta ɗaga kwalbar ga rana.
"Na cikin nan. Ido ba ya ganinsu.
Shaƙarsa suke yi yadda kake shaƙar iska,
su bar shi a daskare, ya kasa bin ruwa.
Ba sa kashe shi. Turke suke kafa masa."

Ƙwayoyin cuta, haka asibiti ya koya mana kiransu.
Ashe cikin dangin ɓarayi akan haifi mai gadi.

Da magariba na shiga ruwa wanke ƙafa,
sannu a hankali,
kamar mai gudun taka maƙwabci yana barci.