Giyar Hutu

Shekara tara tana kwance a rumfar Baba Cindo,
koriya, gajera, kujera biyu, ba rufi,
'yar Ingila, kaji na ƙwai a mazaunin direba.
Wani mai awon gyaɗa ya bar ta jingina,
bai dawo ba, gyaɗar ma ta bi sawunsa.

Bara muka tashe ta. Tana tafiya,
amma da ka sa lamba huɗu a kwaltar Taura
sai ihu, kamar akuyar da aka raba da ɗanta.
Baba ya kasa kunne, ya tofar da goro,
ya ce, "Ba ciwo ba ne. Numfashi take nema."

Wata Laraba ya dawo daga Ƙofar Ruwa
da ƙarfe a buhun taki, kuɗin tinkiya biyu.
Obadaraif, in ji mai shagon.
Baba ya ce bakinsa ba zai ɗauki wannan suna ba,
ya raɗa mata giyar hutu.

Muka haƙa rami, na shiga da fitila a baki.
Noti goma sha ɗaya, biyu sun ƙi,
sai da kananzir ya kwana a kansu.
Muka sauke giyabos a kan tabarma
kamar mai jinya, a hankali.
Sandar ciki ba ta dace ba, aka sauya.
Farfela ta yi tsawo da taƙi guda,
Tsalha mai walda ya yanke, ya haɗa,
ya rantse ba za ta yi rawa ba. Ta yi. Ya sake.

Baba ya buɗe mini cikinta in gani:
babban haƙori a tsakiya,
ƙanana uku suna kewaya shi
kamar 'yan sussuka da turmi ɗaya.
"Mai ne ke tura su, yaro, ba ƙarfi ba.
Kuma ko a mafarki
kada ka sa ribas tana kunne."
Sau uku ya faɗa, ya ja mini kunne a na ukun.

Ranar gwaji na taɓa makunni. Ƙas!
Shi ke nan. Ihun yana nan.
Yara suka bi mu da dariya har bakin rijiya.
Kwana huɗu Baba bai ci tuwon kirki ba,
ya bi waya, ya zargi batir, ya zarge ni,
ashe matatar mai ce ta toshe
da dattin da ya girme ni.
Da buroshin haƙori na wanke ta.

Bayan asuba muka fita, raɓa a gilashi,
shinkafa ta sunkuya dama da hagu.
Ɗaya, biyu, uku, huɗu,
allurar maleji ta haye hamsin,
Baba ya ɗaga haɓa. Na taɓa.

Sai ta sauke murya.

Gudu bai ragu ba, bishiyoyi na wucewa yadda suke,
amma injin ya koma kamar tsohuwa na jan carbi.
Na ji kwaɗi a fadama.
Na ji hular Baba na kaɗawa.
Na ji tarinsa, wanda ban san ya yi zurfi haka ba.

Ya ce, "To, yanzu ina jin ka.
Me kake ta son gaya mini tun bara?"

Takardar aikin Kano na cikin aljihuna,
ta yi laushi don ninki da gumi.
Na duba hanya. Na duba allura.
Na ce, "Farfelar nan ta daina rawa."
Ya ce, "Uhm."

Can gaba shanun Jauro Buba suka hau titi,
na kashe makunni, na taka birki,
ihun ya dawo, ya rufe mu duka biyu.