Bayan Giginyar Ƙosau

Daga ƙofar shagona a Marma
ɗan jirgin nan marar matuƙi
bai taɓa wuce giginyar Ƙosau ba.
Da ya kai, sai hoto ya daskare,
ya juyo gida kamar ɗan akuyar da ya ji tsawa.

Na warware wayar matacciyar fanka,
na naɗa a bututu, zagaye bakwai,
na kafa mata murfin tukunyar Iya a baya.
Eriya ke nan.
Dalma ta ɗiga mini a yatsa, ga tabon.

Amfilfaya daga Sabon Gari ta zo,
kuɗin buhun shanshera guda.
Ga cin batir, ga zafi,
sai da fifita.

Ranar Laraba na ɗaga shi.
Ya wuce giginya. Ya wuce kacalla.
Baba ya matso yana dafa gwiwa,
damina uku rabonsa da ƙetare kogi.

"Tsaya nan. Gonata ce.
Wa ya sare min tsamiyar kan iyaka?"

Batir ya nuna ja.
Na ce bari in dawo da shi.
Ya riƙe min hannu, idonsa a gilashi:
"Bar shi tukuna."