Ludayi

Ɗana ne ya aiko mini da ita daga Ikko,
naɗe a jarida kamar kilishi:
sandar golf mai kwantaccen baki, digiri sittin.
Ya ce, "Baba, wannan ke ɗaga ƙwallo sama,
ta sauko ta zauna inda ta faɗi."

Ran Asabar na kai ta fili.
Mikailu, mai ɗaukar mini jaka shekara tara,
ya juya ta, ya shafa bakin da babban yatsa.
"Yallaɓai, wannan ai ludayi ne.
Ludayi kuwa sai abu mai ruwa-ruwa,
ƙasar Zariya marmara ce."

Sanda goma sha huɗu doka ta yarda a ɗauka.
Na zare lamba huɗu, wadda dama ba ma ga maciji,
na ba baƙuwa gurbinta.

Rami na uku.
Taku ashirin tsakanina da yashin baƙin mai.
Na buɗe ƙafa yadda na gani a waya,
na ɗaga, na sauke.
Ƙarfe ya daki ƙasa, ya yi tsalle,
ya sari ƙwallo a ƙugu,
ta fita kamar dutsen gwafa,
ta wuce tuta, ta wuce hular Injiniya Barau,
sai gonar kuɓewar mai gadi.

A rami na biyar tsoro ya sassauta mini hannu.
Na kamfato ƙasa, ludayi cike,
ƙwallo ta matsa taku biyu
ta tsaya tana kallona.

Mikailu bai yi dariya ba. Da ma ya yi.
"Lamba takwas, Yallaɓai.
Gara ta a ƙasa, ta san hanya.
Waɗanda kake gani a talabijin
sai sun buga ɗari biyar kafin su karya kumallo,
kan ciyawa mai laushin darduma.
Kai daga Asabar sai Asabar,
wata ma ɗaurin aure ya cinye ta."

Ban musa ba.
Shekara talatin na yi ina koyar da lissafi a Samaru,
na san abin da takarda ke faɗa:
cikin goma, bakwai ɓarna,
biyu gara babu daɗi.

Saura ɗaya.

Ta zo washegarin ruwan farko,
ƙasa ta saki jiki tana ƙamshi.
Darbejiya ta tsaya tsakanina da tuta,
babu hanya ta dama, babu ta hagu.
Na miƙa hannu. Mikailu ya daɗe kafin ya miƙo.
Ban ji bugun ba,
kamar dai wuƙa ta shiga gwanda.
Ƙwallo ta haura, ta tsere ganye,
ta ɗan tsaya can sama kamar shirwa na shawara,
sannan ta sauko,
ta kwanta gefen rami, ko motsi.

Ba wanda ya gani sai mu biyu
da wata saniya.

Tun daga nan na ɓatar da ƙwallo goma sha ɗaya
ina neman ƙanwar waccan.

In ka tare ni a Kwangila ka ce,
"Malam, ɗan koyo ya ɗauki irin sandar nan?"
Zan ce a'a, kuma da gaske nake.
Bar ta a gida, ka sayi ƙwallaye da kuɗin.
Kada dai ka leƙa jakata.

Makon jiya na yi sammako, ko bakwai ba ta yi ba.
Bayan ɗakin ajiya na ji tas, tas.
Mikailu ne, ba takalmi,
ludayina a hannunsa,
yana tsallakar da ƙwallo saman tankin ruwa
tana faɗawa cikin bokiti.
Na ƙirga shida a jere.
Na koma mota na zauna
har sai da ya mayar da ita.