Idon da Ke Ƙiftawa

Ƙarƙashin benen asibitinmu na Yantala
akwai ɗakin da ba shi da taga.
Nan akwatin yake, manne da bango,
mai ruwan toka, da idanu huɗu a goshi.
Shi ke tada famfo, shi ke tada gurup in wuta ta tafi,
shi ke riƙe da sanyin ɗakin magani.
Ni gadi aka ɗauke ni,
jika talatin da biyar, da tabarma, da tocila.

Ranar farko Alkasum mai gyara
ya nuna mini su da tsinken sakace:
"Nomau, ja in ya kama, kira ni ko ina bisa sallaya.
Ruwan ɗorawa gyaran murya ne,
bai yi faɗa ba tukuna, yana shiri.
Shuɗin nan gaisuwa ce da injin bisa soro,
ba ruwanka da hirarsu.
Tsanwa kuwa..."
sai wayarsa ta yi kuka, ya hau babur,
ya bar mini rabin magana.

Na cike sauran da kaina.
Na ce tsanwa ai ganye ne, ai damina ce.
Abin da ya dame ni, ba ya tsayawa:
ƙif, ƙif, ƙif, dare duka,
kamar mai hakin ƙaiƙayi a ido.

Wani daren Afrilu, zafi har ƙarfen ƙofa na cizo,
na leƙa, na tarar ya daina.
Tsanwa shar, tsaye cak, ba motsi.
Na ce madalla, ya warke.
Na dafa shayi, na yi barcin da na daɗe ban yi ba.

Da asuba ɗakin magani ya yi ɗumi kamar hammata.
Madam Zuwera ta ƙirga kwalabe, ba ta dube ni ba.

Alkasum bai yi faɗa ba.
Ya kashe, ya ƙirga goma, ya kunna.
"Ƙiftawar nan numfashinsa ce.
In ya zuba maka ido bai ƙifta ba,
ya sandare, fitilar kawai ya bari kunne."

Ban ce komai ba. Buza na tuna.
Tsohona, shekarar da ya daina mita,
ya daina zagin awaki, ya daina tsinar farashin gero,
kowa ya tambaya sai ya ce lafiya lau,
fuska sumul, mu kuwa muna murna ya huce.

Yanzu kujerata na bakin ɗakin.
Ja ba ya ba ni tsoro, ja mai gaskiya ne.
Tsanwa nake gadi.
In ya ƙifta in ƙifta,
mu biyu, har ladanin Yantala ya yi tari a lasifika.

Jiya na kira gida.
Tsahara ta ce komai lafiya lau.
Na ce a'a, zauna, ina da kati,
faɗa mini abin da ya ɓata miki rai yau.